Luguden Mutum Uku

A gidan nan da nake zaune a Jega babu turmi. Farkon zuwana na tambaya, sai matar ɗana ta ce akwai mana, Inna, ta shiga kicin ta fito da wani ɗan abu da bai fi kwanon sha ba, wai na dakan yaji ne. Na juya shi a hannuna mai lafiya, na ce Allah ya raya. Garin tuwo daga inji yake zuwa a leda, fura kuwa a wata na'ura ake dama ta, ta yi ta kururuwa kamar an taka wutsiyar kare. Abin da ke tashe ni da safe yanzu janareton maƙwabta ne da hon ɗin babura masu sammakon kasuwa. Ɗakina mai kyau ne, ba zan yi wa Allah butulci ba. Ga fanka, ga katifa mai taushi, ga daɓen tayil da ko ƙuda ya sauka sai ya yi taka-tsantsan. Taga ɗaya ce, an gitta mata ƙarafa saboda ɓarayi. Ɓarawo dai bai shigo ba, ni ma ban fita ba. Abin da tagar ke nuna mini katangar gida ce kawai da wani yankin sama da bai wuce faɗin faifai biyu ba.

Ciwo ne ya kawo ni nan. Wata safiya a ƙauye na gama alwala na yunƙura zan tashi, sai ɓarin jikina na hagu ya ce shi fa ya ajiye aiki. Aka kai ni Aliero wurin masu ɗori, suka lalluba suka ce ƙashi lafiya lau yake, wannan ba aikinsu ba ne. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye ɓarin. Da magani baki ya dawo daidai, hannu ya ɗan farfaɗo, ƙafa ce ta yi taurin kai. Tana nan a jikina amma kamar ta aro, in na ce ta ɗaga sai ta yi kamar da wata nake. Tun ranar da na zame a tayil ɗin nan na fasa goshi, babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa sai dai in ce Alhaji, ya kafa doka: kada in taka ko bakin ƙofa sai da mai riƙe ni. Don so yake yi, na sani. Sai dai akuyar da aka ɗaure a turke don gudun kura ita ma ɗaurarriya ce. Na yi fushi na daina ma gwada tafiyar, na kwanta ina ƙirga juyin fanka.

Ana nan sai labari ya zo daga Maiyama cewa Kulu ta fara rikicewa. Kulu ƙawata ce tun ba mu iya ɗaura zani ba, kuma ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda muka tashi tare. Tana zaune wurin 'yarta. Aka ce ta daina gane jikokinta, tana tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa, abinci ma sai an yi da gaske. Da Alhaji ya shigo gaishe ni, ban bari ya zauna ba.

"Alhaji, ka kai ni Maiyama in gano Kulu."

"Inna, da wace ƙahwa?" in ji shi. "Gidan can lungu na, mota ba ta shiga, kuma ba ni yarda a ciccibe ki awa buhun albasa a yad da ke. Ran da kinka taka da kanki daga ƙohwar ɗakin ga har bakin get, wallahi ni ka tuƙa ki da hannuna."

Ya san uwarsa, ya san inda zai kama ni. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, ni kuwa ƙafar ce ta ƙi. Daga ƙofata zuwa get ɗin, da can ko tsawon jifan tsakuwa bai kai ba. A ranar na hango shi kamar wata ƙasa, kuma na ji tsoro ƙwarai kada hankalin Kulu ya ƙarasa tafiya kafin ni in iso.

Sanusi ne ya kawo dabara. Jikana ne, ɗan Alhaji, gemunsa ya fito har ya fara yi masa girman kai. Karatu yake a Aliero, amma rabin hankalinsa na kan haɗa wa masu waƙar biki kiɗa a kwamfuta. Ni mai gida nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya. Ma'aikaciyar asibiti mai koya wa irinmu tafiya ta gaya musu cewa wasu, in aka sa musu bugu mai maimaita kansa, ƙafar kan bi shi. Sai ga shi ran Asabar da waya a hannu, ya danna, abu ya fara: tin, tak, tak, tak, tin, tak, tak, tak.

"Amarya, wanga shi a metronom," ya ce. "Da shi mu ka koyon kiɗa. Ba shi sauri, ba shi nawa. Kiɗa gida-gida a ka raba shi, kowane gida bugu huɗu. Mai ƙarar nan, tin, shi ka hwaɗa miki an shiga sabon gida. Ke dai ki taka da kowane bugu."

"To Allah shi sa ya hi ka amhwani," na ce.

Bai fi shi ba. Sai in fara daidai, in jefa sanda, in ja ƙafa, in kawo ɗayar. Taku kaɗan sai in ji tin ɗin ya faɗo a inda jikina bai zata ba, ƙafar ta firgita ta maƙale a ƙasa kamar an buga mata ƙusa. In tsaya a tsakiyar baranda, ba gaba ba baya, gumi na bin bayana, matar ɗana na riƙe da gwiwar hannuna tana sannu Inna, abin nan kuwa yana ta bugunsa, ko a jikinsa. Sanusi ya rage masa gudu, duk ɗaya. Ya bar mini tsohuwar waya ya koya wa matar ɗana kunnawa, aka yi ta yi safe da yamma, ban taɓa wuce randar da ke ƙarshen baranda ba. Na tsani abin nan kamar yadda ban taɓa tsanar mai rai ba. Ba ya numfashi, ba ya jira, ba ya gajiya ballantana ya ji tausayi. Daga Maiyama kuma duk wanda ya kira sai ya ce jiki sai addu'a.

Abin da ya fi ci mini rai, wai ni ce yau ake koya wa bin bugu. Ni da na tashi a Katanga lokacin da ba a san inji ba, lokacin da taɓarya ce ke tayar da gari. Liman na sallame sallar asuba sai ka ji turmi ɗaya ya amsa daga gabas, wani daga bayan masallaci, kafin zakara ya gaji da cara duk garin ya ɗauka. Ko ido rufe ka san gidan kowa. Ka san matar da ta kwana da fushi, don taɓaryarta kamar za ta fasa gindin turmi. Ka san mai sabon ciki da ke yi tana hutawa. Ka san inda ake surfe, ka san inda ake ribɗin fura, don sautin tsaba daban, na gari daban. In wani gida ya yi shiru har rana ta fito, ba a jiran aike, mata kan yafa gyale su je su ga ko lafiya. Yanzu maƙwabcin Alhaji ya yi jinya har ya rasu, sai a waya muka ji. A lokacin ba mu ɗauki daka wani abin so ba, wahala ce, tafin hannunmu duk kanta. Amma da na san zan wayi gari ina marmarinsa a kan katifa, da na rage ƙunƙuni.

Gwaggo ce ta koya mana, yayar babana, mace ce doguwa da ba ta dariya sai da dalili. Takan ce dakan mutum ɗaya aiki ne, na mutum biyu hira ce, na mutum uku kuwa amana. A na biyu ba wuya, ki sauka ta ɗaga, ta sauka ki ɗaga. A na uku, turmi ɗaya ne, bakinsa ɗaya, taɓare uku ke neman shiga, kuma in ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa sai itace ya haɗu da itace, wata ta tafi gida da haƙori a hannu. Gwaggo kan tsaya a kanmu da kara. In ta ga idonki cikin turmi sai ki ji karan a ƙauri. "Ba da ido a ka lugude ba," takan ce. "Ki saurari ta gabanki, ki bar wa ta bayanki wuri." Wannan kalma ta barin wuri ita ta fi maimaitawa, har muka riƙa kwaikwayonta a bakin rijiya.

Mu uku ne: ni, da Kulu, da Altine. Altine 'yar rugar da ke bayan gari ce, nono take kawowa, daga jiran a auna mata gero ta fara karɓar taɓarya, har ta zama tamu. Ni ke buɗewa, don an ce ina da azarɓaɓi. Kulu ke bi na, ita kuwa malalaciya ce, kullum kamar sai an kira ta, amma ba ta taɓa makara ba. Altine ke rufewa, kuma ita ce gwanar. Takan wurga taɓarya sama ta tafa ta cafe, ta sauke ta daidai wurinta, tana yi mana waƙa da Fulatanci da ba mu san ma'anarta ba, mu amsa yadda bakinmu ya iya, ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Duk gidan da za a yi biki ko suna sai an aiko a ari 'yan ukun Gwaggo. Samari kan rage tafiya a bayan danga, mu kuwa mu ƙara ƙaimi kamar ba mu san da su ba.

Wata shekara ciwo ya shiga shanu. Ranar da za mu yi dakan suna a gidan maƙwabta muka jira Altine har rana ta ɗaga, ba ta zo ba. Muka ruga rugar ni da Kulu, muka tarar an tashi. Babanta ya kaɗa abin da ya rage masa ya yi kudu tun kafin gari ya waye. Duwatsun murhu ne kawai da toka mai ɗumi da kashin shanu. Muka dawo muka ɗauki taɓare don aiki ba ya jira. Na sauka, Kulu ta sauka, sai na ji hannuna ya tsaya a sama. Na ce masa sauka mana, mu biyu ne yau, ya ƙi. Sai da lokacin Altine ya wuce sannan ya sauka. Dum, dum, shiru. Dum, dum, shiru. Ba shawara muka yi ba, hannuwan ne suka ƙi haɗewa. Matan gidan suka fara tambayar wane irin gurgun daka ne wannan. Gwaggo ta taso da karanta, na sadda kai ina jiran sa a ƙauri. Ta tsaya ta saurara, ta daɗe tana saurare, sannan ta sauke karan.

"Ku bar su," ta ce da matan. "Gurbin ga ba wohi ba na. Mai shi ta yi nisa dai."

A nan na fashe da kuka, ina daka ina kuka. Haka muka ci gaba da yi ni da Kulu har aure ya raba mu, ita Maiyama, ni Fagada. Altine kuwa ko labarinta ba mu sake ji ba.

Ina kwance ina wannan tunani da la'asar, wayar na ta bugunta a kan tabarma don an manta ba a kashe ba, sai na tsinci yatsuna suna bin ta a kan cinya. Na ji inda take ɓata mini. Da Sanusi ya zo ran Asabar, ko takalmi bai gama cirewa ba na tare shi.

"Mai gida, wanga abu naka, mutum nawa ka daka cikinai?"

Ya yi dariya. "Huɗu, amarya. Kusan dut waƙoƙin da ki ka ji, huɗu na."

"To ni ukku ni ke. Ga sanda, ga matacciyar ƙahwa, ga mai rai. In na gama ukkuna sai a bar bugu guda babu mai shi, in sanda ta ɗauke shi, sannan tin ɗin nan shugaban nasu shi hwaɗo kan wadda ba ta ji. Wa ka daka haka?"

Ya tsaya baki buɗe, sannan ya dafe goshi. "Kai! Ai akwai na ukku. Ni ban kawo shi a rai ba, don ba mu cika aiki da shi ba." Ya danna wani wuri. Tin, tak, tak. Tin, tak, tak.

Wallahi tsigar jikina ce ta tashi. Na miƙe, na jefa sanda a kan tin, na ce wannan ni ce. Matacciyar na ce ke ce Kulu, malalaciya, taso. Ta taso. Mai ran kuwa Altine ce, ba ta bukatar a roƙe ta. A ranar na wuce randa. Da na zauna ina haki na ba shi labarin gurbin, sai ya ce su ma a kiɗansu shiru yana da alamarsa da ake rubutawa, ana ƙirga shi kamar kowane bugu. Na ji daɗin wannan magana, har na ce ashe karatun nasa ba duka ne asara ba.

Ba zan ce daga nan komai ya yi sauƙi ba. Akwai ranakun da ƙafar ta koma gidan jiya, akwai ranar da na zauna daɓas a tsakar gida na rantse na bari. Amma in na tuna Kulu na can tana zubewa kamar gari a rariya sai in ce a kunna. Ranar da na dafa ƙarfen get da hannuna, Alhaji na tsaye a bayana. Ya juya fuskarsa wajen katanga ya daɗe yana gyaran hula. Washegari ya fito da mota.

A hanya na manne da gilashi kamar ƙaramar yarinya, ina kallon fadama da rumfunan albasa da shanu a gefen titi. A bakin lungun na sauka, Sanusi na gaba da wayar, yara na biye da mu suna kallon tsohuwa mai tafiya da kiɗa. Na tarar da Kulu kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance kamar ba ita ce mai cinye furar mutum biyu ba. 'Yarta ta durƙusa ta ce, "Inna, ga ƙawarki ta zaka tun daga Jega." Kulu ta dube ni da kyau, ta yi murmushin da ake yi wa baƙo.

"Sannu, baiwar Allah. Daga ina?"

Na gaya mata. Na ambaci Katanga, na ambaci Gwaggo, na ambaci rijiyar bakin kuka. Ta gyaɗa kai da ladabi, can kuma ta sake cewa, "Sannu, baiwar Allah. Daga ina?" Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Duk wahalar da na sha, ashe na makara. Na zauna a kujerar roba har inuwa ta juya, Alhaji ya aiko daga waje cewa yamma na yi. Na dafa sanda zan tashi, ƙafar ta ƙi, don haushi na buga sandar a ƙasa. Daɓen ƙasa ne irin na da, ya amsa, dum.

Tafin hannun Kulu ya sauka a kan tabarma.

Na tsaya cak. Na bar gurbin da ya kamata a bari, na sake bugawa. Ta sake saukewa, daidai wurinta, a malalace kamar kullum. Idonta a rufe yake. Dum, fat, shiru. Dum, fat, shiru. 'Yarta ta toshe baki da gyale. Sanusi, da jinin kiɗa ya motsa masa, bai san lokacin da ya tafa a cikin shirun ba. Kulu ta buɗe ido ta watsa masa harara.

"Kai, wa yas sa ka? Wurin Altine na!"

Sannan ta juyo gare ni, ta kira ni da sunan da babu mai kirana da shi tun rasuwar Gwaggo, ta ce, "Ke kuma rage gaggawa. Kullum sai an hwaɗa miki."

Na rage. Muka yi ta yi har hannunta ya gaji ta yi barci.

Tafiyar ta tayar mini da jini, na kwana biyu a kwance, Alhaji ya ce an yi na farko an yi na ƙarshe. Na koma ga tagata da katangata. Da na samu sauƙi na tambayi Sanusi ko abin nasa na iya yin shiru a bugu na uku, ya ce yana iyawa, ya danna. Tun daga nan da tin da tak ɗaya nake zagaya tsakar gida, mai ran tana sauka a gurbin Altine. Har na fara yi wa abin kallon arziki.

Kafin a yanke gero aka kira daga Maiyama da hantsi, Kulu ta cika. Alhaji da matarsa suka tafi gaisuwa, ni aka ce jinina ba zai ɗauka ba. Na yi mata addu'a a nan kan katifa, fanka na juyawa. Ran Asabar Sanusi ya shigo a sanyaye, ko amarya bai ce ba, ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya. Na miƙa masa wayar.

"Kashe na biyun."

"Kaka," ya ce, "wanga shi a bugun ƙahwar da ba ta ji. In babu mai kiranta, hwaɗuwa za ki yi."

"Ba ta taɓa makara ba. Kashe."

Ya danna, ya miƙar da ni, ya tsaya a gabana hannuwa a buɗe don ya tare ni. Wayar ta ce tin, na jefa sanda. A shirun farko matacciyar ƙafar ta ɗagu, a malalace, ta sauka wurinta. A na biyu mai ran ta bi ta. Sanusi na nan tsaye yana share ido da bakin riga, na ce masa ya matsa, ya tare mana hanya.